Renon Malaman Jami'a Daga Cikin 'Ya'yanmu

 

Mu da muka shiga kwalejin horon malamai a zamanin shirin UPE na 1976, ba a miƙa mana alli ba sai da aka tura mu gwajin koyarwa. Malami zai zauna a bayan aji, ya duba shirin darasinmu, ya yi mana gyara da jan biro. Malamin jami'a ma haka ake renonsa, sai dai tafiyarsa ta fi tamu nisa.

Yaron da ya fita da sakamako mai kyau a digirin farko akan ɗauke shi mataimakin malami. Zai yi digiri na biyu, sannan na uku, wanda kan ci shekara 3 ko fiye, a ƙarƙashin malami mai duba aikinsa. Zai rubuta kundi, ya kare shi a gaban masani daga wata jami'a, ya buga maƙalu a mujallun ilimi. Da waɗannan ake yi masa ƙarin girma har ya kai farfesa. Asusun TETFund, wanda aka kafa a 2011, yana ɗaukar nauyin karatun, amma ga wanda ya riga ya samu aikin koyarwa a makarantar gwamnati. Wanda bai samu ba, aljihunsa ne gatansa.

A nan ne 'ya'yanmu suke faɗuwa. Mun san wani yaro mai hazaƙa da ya ajiye digiri na biyu a tsakiya saboda kuɗin rajista da na mota, ga kuma yajin aikin wata 8 na 2022. Yanzu yana tsaron shago a Sabon Gari. A gida ma ba mu taimaka masa ba. Kullum tambayarmu ita ce yaushe zai gama ya yi aure.

Abin da muke asara ya wuce albashin mutum ɗaya. Tun a shekarun 1960 wani Bature, Michael Mortimore, ya yi nazarin yadda manoman kewayen Kano suke noma gona ɗaya kowace damina ba tare da ta mutu ba, saboda taki da haɗa gero, dawa da wake. Duniya ta karanta, ta yi mamaki. Ga gonar binciken IITA a Minjibir, ga Kwalejin Noma ta Audu Bako a Dambatta, ga Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa a Jami'ar Bayero. Mutum nawa ne daga garin nan suke rubuta binciken? Gona tamu, ilimin kakanninmu, alƙalamin kuwa na wasu.

Saboda haka muna roƙon ƙungiya abu uku. Na farko, a ware wani kaso daga kuɗin gidauniyar bana don rajistar ɗalibai biyu, mace da namiji. Na biyu, malamanmu da ke jami'o'i kowa ya riƙi yaro ɗaya, ya koya masa rubutun maƙala da neman tallafi. Na uku, mazauna birni su ba ɗaliban masauki. Sharaɗinmu ɗaya: idan fanninsu ya ba da dama, su yi bincikensu a kan ƙasarmu, su kawo wa ɗakin karatun gari kwafin kundin.

Da ruwan ciki kan ja na rijiya. Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.