Jawabin Edita Kan Ƙungiyar Masu Sauraron Rediyo

 

Yau zan ba ku labarin maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar. A shekarar 1962, shekara 2 bayan samun mulkin kai, suka kafa ƙungiyoyin masu sauraron rediyo. A lokacin, akwatin rediyo sai gidan wane da wane. Don haka mutanen gari sukan taru wuri ɗaya, su saurari shiri kan noma ko kiwon lafiya.

To, ga abin da ya burge ni. In shiri ya ƙare, ba a watsewa. Jagoransu, wanda galibi malamin makaranta ne, sai ya ce kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. Ya ɗauki muryoyinsu da rikoda, a aika Yamai. Daga baya manomi ya ji muryarsa a rediyo, hukuma ma ta ji kukansa.

Mu yau rediyo ya wadata, har a cikin waya. Amma kowa shi kaɗai yake ji. A faɗi ranar rigakafi, ka ji rabi, batir ya mutu, ba wanda za ka tambaya. Haka yaro zai rasa allura.

Shawarata, ku ware dare ɗaya a mako, a yi karo-karon kuɗin batir. Ku zaɓi magatakarda cikin waɗanda suka iya rubutu. Ya rubuta tambayoyinku, a kai wa malamin gona ko a aika gidan rediyo. Mata ma su yi nasu zaman a cikin gida.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.