Matar Soja da Takardar Magaji

Yau da ke nake, matar soja. Ki waiwaya: ɗan Sabon Birni ko Isa ya gama sakandare, ya shiga Defo a Zariya, ya aure ki, tun daga nan kullum kayanki a ɗaure, bana Barikin Giginya a Sakkwato, baɗi Maiduguri. Iyayenmu da aka kai mazansu Laberiya a 1990 sun san wannan zama.

To 'yar'uwa, sunan wa maigida ya rubuta a takardar magaji? Wani tun yana saurayi ya sa wansa, har yau bai sauya ba. In ta Allah ta kasance, mai sunan hukumar soja za ta nema. In bakinki ya yi nauyi, ki sa yayarsa ta tambaye shi.