ƘAURI A AKWATIN MITA: ABIN YI DA KUMA HAƘƘINMU

Jawabin da kwamitin walwala ya gabatar a taron wata-wata na baƙi mazauna Wushishi



Muna godiya da aka ba mu wannan dama domin mu yi magana a kan wani abu da mutane da yawa suke ɗauka ƙarami, alhali kuwa yana iya cinye gida da dukiya da rai a dare ɗaya. Abin shi ne ƙaurin da wani lokaci ake ji yana fitowa daga akwatin mitar wutar lantarki. Yawancinmu a nan 'yan haya ne, kuma a gidajen da muke zaune za ka iske ɗaki takwas ko goma duk a kan mita ɗaya, ga shago a ƙofar gida shi ma an ja masa waya. Saboda haka maganar ta shafe mu kai tsaye.

Da farko, mu fahimci abin da ƙaurin yake nufi. Mita mai lafiya ba ta wari ko kaɗan. Idan aka ji ƙaurin roba, ko wani irin ƙarni kamar na kifi, to robar da ta lulluɓe waya ce ko jikin akwatin ya fara narkewa. Sau da yawa akan ji wata 'yar ƙara kamar ana suya, ko a ga ƙwan fitila yana rawa, ko a ga baƙi-baƙi a jikin murfin. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya sani cewa wani wuri a ciki ya yi zafin da ya wuce ƙa'ida.

Babban abin da ke kawo wannan shi ne kwancewar notin da ke riƙe waya a bakin mita ko a bakin fis. Waya tana buɗewa idan ta yi zafi, ta tsuke idan ta huce, a hankali har wurin ya yi sako-sako. Daga nan wuta sai ta riƙa wucewa da ƙyar tana tartsatsi, zafi yana ƙaruwa. Abin ya fi tsanani inda aka haɗa wayar alminiyam da ta jan ƙarfe aka murɗe da hannu aka naɗe da leda. Na biyu shi ne ɗora wa waya kayan da suka fi ƙarfinta. Wutar da ke shigowa gidajenmu bolt 230 ce, kuma hitar dafa ruwa mai wat 2,000 ita kaɗai tana jan kusan amfiya 9. To a lissafa gidan da ɗakuna biyar suka jona hita da asubar hunturu, ga dutsen guga, ga firji, ga injin jan ruwa, duk a kan siririyar wayar da aka sa tun gidan yana ɗaki uku. Na uku, ruwan damina da ƙura da ƙwari. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma haka abin yake a zahiri: fasasshen akwati shi ne ɗakin tsaka da tururuwa da zanzaro. Na huɗu, wayar nutural takan tsinke a falwaya ko a taransfoma, sai wutar wasu gidaje ta haura har kusan bolt 400, ta ƙona duk abin da ta tarar a jone.

To idan an ji ƙaurin, me za a yi? A fara da kashe babban makunnin gidan, matuƙar ana iya kai hannu gare shi ba tare da an kusanci inda ke hayaƙi ba, kuma hannu a bushe, ƙafa da takalmin roba. A zare hita da firji da sauran manyan kaya daga soket. Amma jama'a, a riƙe wannan da kyau: kashe makunnin gida ba ya kashe wutar da ta taso daga falwaya zuwa mita. Wannan ɓangaren yana nan da wuta. Ko da an ɗauke wuta kada a sake jiki, domin ana iya dawowa da ita ba sallama. Kada kowa ya buɗe mita, kada ya zare fis ɗin da ya yi zafi, kada a tada janareto sai an duba wayoyin. A kawar da yara, a janye galan ɗin fetur da katifa da buhunan hatsi daga wurin, musamman a gidajen da mitar take cikin zaure.

Idan har wuta ta kama, kada a watsa ruwa. Karin maganar nan da ta ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, ba ta aiki a nan, domin ruwa yana ɗaukar lantarki ya kai shi jikin mai watsawa. Busasshen yashi ake amfani da shi, ko tukunyar kashe gobara mai hoda. Idan ta fi ƙarfi, a tayar da kowa a fice, a kira 112, a sanar da 'yan kwana-kwana da ma'aikatan wuta su yanke layin. Kaya ana sake saye.

Yanzu sai mu zo kan abin da ya fi damun wannan kwamiti. Me ya sa mutanenmu suke jin ƙauri kwana uku su yi shiru? Amsar ita ce tsoro. Ɗan haya yana tsoron mai gida ya ce ya cika ƙorafi ya ba shi notis. Mai gida yana tsoron a cire mitar a mayar da shi kan bil na ƙiyasi. Wani kuma yana ganin shi baƙo ne, baƙo kuwa raɓa ne, ina shi ina kai ƙara ofis. Sai a kira yaro da filaya da daddare ya ɓalle hatimin mita ya ɗaure. Wannan ita ce hanyar da ke jawo asara biyu. Gyaran ba ya ɗorewa, sa'annan ranar da ma'aikata suka ga hatimi a ɓalle, sai a ce satar wuta aka yi. A umarnin da hukumar NERC ta fitar a farkon 2025, tarar zagaye mita mai layi ɗaya ta kai naira 100,000 a karon farko, kuma dokar lantarki ta 2023 ta tanadi ɗauri a kan laifin.

Ya kamata mu san haƙƙinmu. Zamanin NEPA ya wuce tun 2005, kuma daga Nuwamban 2013 rarraba wuta ya koma hannun kamfanoni, inda yankinmu ya faɗa ƙarƙashin AEDC. Wanda ke biyan kuɗin wuta abokin ciniki ne, kuma babu inda aka ce sai ya nuna takardar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma kafin a saurare shi. Lambar mita ake tambaya. Daga falwaya zuwa mita aikin kamfani ne, daga mita zuwa cikin ɗakuna kuma nauyin mai gida ne. A 2024 NERC ta sake jaddada cewa canza mitar da ta lalace alhakin kamfani ne, kyauta, muddin ba mai amfani da ita ne ya lalata ta ba, kuma ba a tilasta wa mai mita komawa bil na ƙiyasi. Haka nan sayen taransfoma da falwaya ba wajibin mutanen unguwa ba ne.

Saboda haka a ɗauki hoton akwatin daga nesa, a rubuta ƙorafi da lambar mita da kwanan wata, a kai ofishin kamfani, a karɓi shaidar cewa an kai. Ƙa'idar NERC ta ba kamfani kwanakin aiki 15 ya warware ƙorafi, amma maganar haɗari a faɗa musu ƙarara cewa ta gaggawa ce. Idan an yi biris, a ɗaukaka ƙara. A 2025 an miƙa sa ido kan harkar lantarki ta cikin jihar ga hukumar kula da lantarki ta Jihar Neja, wadda ke Minna. Wayoyin cikin gida kuma a nemi ƙwararren mai gyaran wuta, wanda ya fi dacewa shi ne mai shaidar hukumar NEMSA. Araha ba ta ado.

Jama'a, muna zaune ne a jihar da ke da madatsun Kainji da Shiroro, ga ta Zungeru mai megawat 700 a nan kusa da mu a kan kogin Kaduna. Wutar da ke haska manyan birane daga nan take tashi, don haka ba abin kunya ba ne mu nemi a kawo mana ita cikin aminci.

Muna roƙon kowane gida ya zaɓi mutum ɗaya da zai riƙe lambar mita da lambar wayar ofishin wuta, a nuna wa matan gida inda babban makunni yake, tunda su ne a gida da rana, a kuma ajiye bokitin yashi kusa da zaure. Masu gidaje kuma muna roƙonsu su ɗauki ɗan hayar da ya kawo labarin ƙauri a matsayin wanda ya tsare musu dukiya. Wanda bai iya rubutu ba, ko yake jin nauyin zuwa ofis, ya zo wurin sakatare, za mu rubuta masa takardar, mu kuma raka shi.

Allah Ya kiyaye mu da iyalanmu daga gobara.