Kalmar "safest" bisa kwalin maganin bisashe

Jawabin wani ma'aikacin kiyo ga makiyaya a Bonkuku, ƙasar Imanan

 

Kun ga wanga kwali da ke hannuna? Wani dattijo ya kawo mani shi. Kasuwa ya saye shi, mai tebur ya nuna mashi rubutu ya ce ma'anarshi maganin ba ya ɓanna ko kaɗan. Rubutun shi ne "safest". Ingilishi ne, don da yawa cikin magungunan nan ta Najeriya suke shigo muna. Ɗiyanmu da sunka yi lakkol kuwa Faransanci sunka koya, shi ya sa kowa ke dogara ga bakin mai saidawa.

To ga ma'anar. "Safe" shi ne abin da ba ya da haɗari. "Safer", haɗarinshi bai kai na wani ba. "Safest", duk cikin 'yan uwanshi shi ne mai ƙarancin haɗari. Gwadawa ce ke nan. Dokin da ya fi kowane gudu ƙauyenku, in an kai shi sukuwa Filinge yana iya zuwa na baya. Wanga magani, da waɗanne anka gwada shi? Ga wace bisa? Kwali bai faɗi ba. Masu kamfani sunka rubuta abinsu, talla ce.

Ku ɗauki maganin sammore, garin nan rawaya da ake damawa da ruwa, Berenil da ire-irenshi. Saniya na ɗaukar shi in an yi awo daidai. Raƙumi fa? Yana iya kashe shi. Ku masu raƙuma, don Allah ku riƙe wannan, ko mi anka rubuta bisa leda.

Ƙwayar tsutsar ciki, albendazol, magani ne mai kyau, ni ma ina bada shi. Amma tunkiya ko akuya da ba ta wuce wata guda da ɗaukar ciki ba, kar a ba ta: tana iya ɓari, ko ta haifi ɗa nakasasshe.

Sai zancen nono da nama, iyayenmu mata wannan naku ne. Allurar ibamektin ba a yi ma saniyar da ake tatsa don sha. Allurar oksitetarasikilin mai daɗewa cikin jiki, sai an jira sati 3 zuwa 4 kafin a yanka bisa. Bisar ta warke, amma maganin na nan cikin jikinta, yara ne za su sha shi cikin fura.

Abin dubawa yana ga ƙananan rubutu: wata da shekara da ke gaban "EXP", awo gwargwadon nauyin bisa, da kwanakin jira. In na Najeriya ne a nemi lambar NAFDAC, ko da yake ita ma 'yan jabu na kwaikwayonta. Wanda bai da mai karanta mashi ya kawo kwalin ma'aikatar kiyo kafin ya huda fatar bisarshi, mu duba tare.

Baba, ga kwalinka. Na tumaki ne, kuma ranarshi ta wuce. Akwai mai tambaya?