Kada mu bari abokin hamayya ya zaɓa mana ɗan takara

Iyayenmu shugabanni, iyaye mata, da 'yan'uwana matasa da kuka taso daga Tsafe da Bunguɗu da nan cikin Gusau, sannunku da zuwa, Allah Ya saka da alheri.

Magana guda na zo da ita yau, kuma a kan zaɓen fidda gwani ce.

Lokacin fidda gwanin da ya wuce, wani bawan Allah ya same ni gida bayan isha'i. Ba ɗan jam'iyyarmu ba ne, na san shi, ya san ni. Ya ajiye mani ambulan, ya ce in lallashi deliget ɗin gundumarmu su zaɓi wane. Wanen nan kuwa ko a rumfarsa bai taɓa cin zaɓe ba. Na ce masa, "Alhaji, yaushe ka fara son mu haka?" Ya yi dariya, ya ɗauki abinsa ya tafi.

Jama'a, ba son mu yake yi ba. So yake mu tsayar da wanda zai kayar cikin sauƙi. Sayen deliget ya fi sayen masu jefa ƙuri'a araha nesa ba kusa ba. Gundumomi 147 gare mu a Zamfara, kuma a 2022 zaɓaɓɓun deliget kaɗai doka ta bari su yi zaɓe. Ke nan mutane 'yan ɗaruruwa ne suka yanke wa miliyoyi hukunci.

Wannan dabara har Amurka ana yin ta. A 2012, Sanata Claire McCaskill ta jam'iyyar Dimokurat a jihar Misuri ta kashe kuɗi a tallar talabijin don 'yan Rifablikan su tsayar da Todd Akin, saboda shi ta fi ganin za ta iya kayarwa. Suka tsayar da shi, ta kayar da shi, daga baya ta faɗi da bakinta yadda ta yi.

Mu kuwa a Zamfara ba sai an gaya mana nauyin fidda gwani ba. A 2019 APC ta ci gwamna da ƙuri'a sama da 500,000, PDP ba ta kai 200,000 ba. Ranar 24 ga Mayu Kotun Ƙoli ta ce APC ba ta yi sahihin fidda gwani ba, aka kwashe kujeru aka ba PDP. A 2022 ita ma PDP sau biyu kotu a nan Gusau tana soke nata, sai kotun ɗaukaka ƙara ce ta cece ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk gidan da ya rikice a fidda gwani, kuɗin waje ba su shan wahalar shiga.

To, ga roƙona. Mu zaɓi deliget masu kunyar jama'arsu, mu san sunayensu tun yanzu. In kuka ga ɗan takarar da bai da jama'a ya wayi gari da motoci da fastoci, ku tambaye shi wa ya saya masa fom. Mu ma kada mu yi wa wasu, domin wanda ka raina ka ɗaga yau, gobe yana iya zama shi ke mulkinka.

Allah Ya ba Zamfara zaman lafiya.