Daren Balin da Daren Barikin Kuza



An nemi in yi magana a kan gidajen wasan dare na Jamus tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Zan yi, amma ba zan daɗe a can ba, domin abin da ya dame ni yana nan Bukuru.

Jamus ta fito daga yaƙi a 1918 a karye. Kuɗinta ya lalace, har a Nuwamban 1923 sai da mak tiriliyan 4.2 ake samun dala ɗaya. Cikin wannan ƙunci gidajen kabare suka bunƙasa a birnin Balin: ɗan ƙaramin dandali, jama'a na zaune ana ci ana sha, mawaƙi ko ɗan barkwanci yana yi wa janar-janar da attajirai zambo. Mai zane George Grosz kotu ta ci shi tara a 1921 saboda wai ya ci mutuncin soja. Bertolt Brecht da Kurt Weill suka fito da wasansu na ɓarayi da mabarata a 1928. Da Hitler ya hau mulki a 1933, bai ɗauki waɗannan mutane da wasa ba. A 1935 aka rufe gidan Katakombe, aka tsare ɗan barkwancinsa Werner Finck a sansani. A 1937 aka tara zane-zane da sassaƙe kusan 650 a Munik don a tozarta su, aka kira su gurɓatacciyar fasaha, amma mutum fiye da miliyan 2 suka je kallo.

To, a waɗannan shekaru me ke faruwa a nan? Jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos a 1914, na gabas ya iso a 1927. Haƙar kuza ta jawo Bakano da Basakkwace da Babarbare da mutanen kudu, suka tarar da Birom da Anaguta da Afizere a ƙasarsu. Aka kafa barikoki a Bukuru da Barikin Ladi da kewaye. Lebura yana yini a rami da kwano a ka, cikin sanyin da bai saba da shi ba, ranar biya kuma kuɗin ya ƙare wajen mai tuwo da mai caca da gidan magajiya. Masanin tarihi Bill Freund ya yi bayanin wannan rayuwa a littafinsa na 1981. Kuma durƙushewar kasuwannin duniya ta 1929, wadda ta jefa miliyoyin Jamusawa cikin rashin aiki, ita ce ta karya farashin kuza har aka sallami leburori a Filato. Daga baya, 1942 zuwa 1944, ɗiban gwamna ya zo, aka kwaso dubban talakawa aikin tilas, da yawa ba su koma gida ba.

Mutumin da ke cikin irin wannan hali, da dare wa ke yi masa magana? Mai goge da mai kalangu, ɗan gambara mai habaici, da ɗan kama, wanda zai zauna kamar malami yana jan baƙi alhali zancen tuwo da miya yake yi. A gida makaɗi na sarki ne ko na masu sana'a. A bariki kuwa ubangidansa shi ne duk wanda ya miƙa masa kwabo, saboda haka dole waƙa ta sauko ta yi maganar mai kwabon.

Na san akwai masu cewa wurin giya da caca ba abin kawowa zauren ilimi ba ne. Ina girmama wannan damuwa, kuma ba yabon caca na zo yi ba. Ita ce ta ɗaure lebura da bashi. Amma ku dubi abin da wannan gari ya haifa. Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos an haife shi a Bukuru a 1946, mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne. Ga jinin kiɗan fada a jikinsa, amma da ya ɗauki kuntigi sai ya yi wa karen mota waƙa. Kuntigin nan sau da yawa gwangwanin kifi ne aka rufe da fata, tsirkiya ɗaya, kuma da kuza ake shafe irin wannan gwangwani don kada ya yi tsatsa. A Jawabin Aure shi kaɗai yake yin muryar miji da ta mata, wasan kwaikwayo cikakke a bakin mutum ɗaya. A ganina, wannan kunne da wannan tausayi daga garin baƙi da leburori ya samo su. Ya rasu a Yunin 2015.

Abin da ke ci mini rai shi ne, Jamusawa, duk da ƙone-ƙonen 'yan Nazi, suna da faya-fayi da hotuna da finafinan wancan zamani. Mu kuwa kawunan Nok da aka tono a ramukan kuza mun adana su a gidan tarihin Jos da Bernard Fagg ya kafa a 1952, amma waƙoƙin masu haƙar ba mu ba su irin wannan gata ba. Tun rikicin Jos na Satumban 2001 kuma unguwanni suka rabu, daren da ke haɗa mutane ya tsuke.

Roƙona ga Jami'ar Jos da Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa shi ne a tura ɗalibai Bukuru da Barikin Ladi da na'urar ɗaukar murya. Akwai tsofaffin da iyayensu suka ɗauki kwano a ka. A zauna da su, a tambaye su wa ke kiɗa ranar biya, kuma me yake faɗa.