Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗaliban Aikin Jin Daɗin Jama'a

 

Ina gode wa hukumar makaranta da ta ga dacewar in ce wani abu. Iyaye kuma, Allah Ya saka muku da alheri, Ya sa ku ci moriyar wahalarku. Ɗalibai, sauran maganata da ku nake, kuma a kan ambaliya zan yi ta, domin a nan ne za a fi gwada karatunku.

Daren Litinin wayewar Talata, 10 ga Satumban 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya kwararo cikin Maiduguri da Jere mutane suna barci. Gwange, Fori, Kasuwar Monday, fadar Shehu, asibitin koyarwa na jami'a, duk ruwa ya shiga. Hatta gidan namun daji na Sanda Kyarimi bai tsira ba, sai ga jama'a na gudun ruwa suna gudun macizai da kadoji. Rabon garin da irin wannan tun 1994. Sansanin Bakasi, wanda gwamnatin Borno ta rufe a ƙarshen 2021, dole aka sake buɗe shi, kuma cikin waɗanda suka kwana a ciki har da mutanen da rikicin Boko Haram ya taɓa kai wa can. Sau biyu ke nan suna tashi da kayan jikinsu kawai.

Sojoji da masu kwalekwale sun ceto rayuka, hukumar NEMA da ta jiha sun kawo shinkafa da tabarmi, Allah Ya ba su lada. Amma buhu ba ya zuwa da sunan mai shi. Sai wani ya zauna da biro da takarda ya rubuta sunaye, kuma wanda bai shiga takardar nan ba, ranar rabo kallo ne nasa. Wannan biron ku za a miƙa wa.

Saboda haka ku san waɗanda layi ba ya gani. Layi na mai ƙarfin kafaɗa ne. Matar da ke takaba ba za ta fito ta yi turereniya da maza ba. Gurgun da ruwa ya tafi da kekensa yana can ƙarshen tanti. Tsohuwar da ke riƙon jikoki marayu, in an ce a kawo magidanci, wa za ta kawo? Ɗan haya ya rasa katifa da tukunya da jarinsa, amma in an zo biyan diyyar gida, mai gida ake nema. Almajiri kuwa ba shi da layin da zai shiga, domin ba a lissafa shi cikin iyalin kowa a garin. A ambaliyar Mokwa ta ƙarshen Mayun 2025, unguwar Tiffin Maza ta yi asarar almajirai masu yawa. Akwai kuma dattijon da jiya shi ke ciyar da maƙwabta, yau ya gwammace ya kwana da yunwa da a gan shi riƙe da kwano. Irin wannan ba a kiran sunansa a lasifika. Bayan isha ake zuwa, a yi sallama, a zauna a ƙasa, a rufa masa asiri.

Ba za ku gano su daga ofis ba. Ku nemi mai unguwa, ko bulama in a Borno kuke, ku nemi limami da ungozoma da uwar adashi, su suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba. Sai dai ku tafi da idonku a buɗe, don wani mai unguwar danginsa zai fara jera muku. Abin da aka faɗa muku, ku taka ku gani.

Ruwa yakan janye cikin makonni, 'yan jarida su naɗe kayansu, manyan baƙi su daina zuwa jaje. To a lokacin ne iyali ke rushewa a hankali. Katin asibiti ya jiƙe, mai ciwon suga ko hawan jini ya yanke magani. Katin zama ɗan ƙasa ya ɓace, ga tallafi ta banki ake turowa. An cire yarinya daga aji an ɗora mata talla, wata ma an fara zancen aurar da ita don a rage baki. Yaro na firgita duk daren da hadari ya haɗo. Kowanne cikin waɗannan yana da ƙofar da ake bugawa, ta asibiti, ta makaranta, ta hukumar zakka, ta Red Cross mai haɗa yaran da suka ɓace da iyayensu. Ku za ku raka su har ƙofar, ku kuma koma bayan sati ku ji ko an buɗe.

Sai gargaɗi, kuma a gaban iyayenku zan yi shi. Hausawa na cewa wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. An sha jin labarin masu neman mata da katin abinci a sansanoni, da masu cusa sunayen bogi. Duk wanda ya yi haka cikinku ya ci amanar Allah kafin ta hukuma. Hoton mabukaci ma ba naku ba ne da za ku watsa a Facebook don a yaba muku. Tun 2022 akwai dokar da ta kafa majalisar kula da sana'arku ta aikin jin daɗin jama'a a Najeriya. Ina roƙon gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi su ɗauki yaran nan aiki tun rani, su zaga unguwannin bakin kogi su san masu rauni gida-gida, kada a jira sai damina ta yi ɓarna a fara neman su.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a Maiduguri da Mokwa, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri. Ku kuma Allah Ya yi wa takardunku albarka, Ya ba ku aikin yi da haƙurin yin sa.